Ƙara wa Tsohuwar Akori-kura Ƙarfi da Gudu: Tambayoyin Masu Hilux da Datsun a Makka da Jidda

Duk mai neman abinci da tsohuwar akori-kura a nan Saudiyya, ko kayan miya yake kwasowa daga halaƙar Ka'akiyya (kasuwar kayan gwari ta Makka), ko tumaki, ko kayan ɗakin masu tashi daga gida, wata rana sai ka ji ya ce motar ta yi sanyi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a bakin 'yan'uwanmu a sana'iyya (unguwar garejin bakanikai) da wuraren hira bayan Isha'i. Motocin da ake magana a kai su ne irin Hilux mai injin 22R ko 2RZ, da Datsun mai Z24 ko KA24, da Isuzu da L200 masu shan dizal.

Malam, motata ba ta ja kamar da. Me zan fara sayo mata?

Alhaji, kada ka sayi komai tukuna. Injin 22R yana fitowa daga kamfani da ƙarfin doki ɗari ko kusa da haka. Idan ya shekara talatin yana aiki, ba mamaki abin da ke isa taya ya ragu ƙwarai, kuma yawancin abin da ya ɓace yana nan cikin motar, ana iya dawo da shi da kuɗi kaɗan. Wanda ya dawo da dokin da ya ɓata ya fi wanda ya sayo hedas (bututun fitar hayaƙi daga bakin inji) mai ƙyalli ya ɗaura a kan inji mai ciwo.

Ka fara da auna matsin silinda. Bakanike zai cire filogi, ya ɗaura agogon matsi a kowane rami, ya murza inji da totur a buɗe. Abin dubawa shi ne silinda huɗun su yi kusa da juna. Idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari, akwai magana. A ɗiga ɗan baƙin mai a ramin a sake aunawa: in matsi ya tashi, ringi ne ya ci, in bai tashi ba, a nemi bawul ko gasket. Injin da ya faɗi wannan gwaji tawdib yake so, wato a kwance shi a sabunta cikinsa, ba ƙari ba.

In ya ci gwajin, sai a bi ƙananan abubuwa. Ga wanda mutane ba sa dubawa: ka kashe mota, ka cire murfin matatar iska, ka sa yaro ya take totur har ƙasa, kai kuma ka leƙa cikin kafireto. Sau da yawa za ka tarar farantin bai miƙe tsaye ba, domin wayar totur ta saki, ko kuma tabarmar da aka ninka a ƙarƙashin ƙafa ta tokare fedar. Mutum ya yi shekaru yana tuƙi da kashi uku cikin huɗu na totur bai sani ba. Kafireton 22R kuma maƙogwaro biyu gare shi, na biyun ba ya buɗewa sai an matsa wa mota, kuma wata 'yar roba ce mai aiki da zuƙar iska take buɗe shi. Zafin ƙasar nan yana busar da robar ta tsage. Daga ranar, motar da rabin kafireto take tafiya.

Sai distiributa. A cikinsa akwai ƙananan ƙarafa masu sifirin da ke gaggauta wuta idan inji ya ɗau juyi, da wata robar a gefe. In suka ƙame, mota za ta yi salo lafiya lau a tsaye, amma a kan hanya ta zama raguwa. A saita tayimin da fitila, bisa adadin da ke rubuce a takardar da ke manne cikin bonet, ba da kunne ba. A saita bawul: a 22R tazarar ita ce milimita 0.20 a na shiga, 0.30 a na fita, inji da zafinsa. A canza filogi da wayoyinsu da matatar mai.

Daga nan a fita daga inji. Bayan tafiya ka taɓa kowane wili. Wanda ya fi sauran zafi birkinsa na riƙewa. Ka sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu ka take totur: in ƙarar inji ta tashi amma mota ba ta ƙara sauri ba, kulocinka na zamewa, kuma duk dokin da za ka ƙara a nan zai ƙone.

Ni gudu nake so ta ƙara. Ba ta wuce 120.

Ƙanina, a raba abu biyu. Akwai ƙarfin ja, wanda ke tayar da mota da lodi daga danja, ya hau da ita gada. Akwai kuma iyakar gudu a miƙaƙƙiyar hanya. Na farko ana iya samunsa cikin sauƙi. Na biyu tsada gare shi, saboda iska.

Ƙarfin da mota ke buƙata don ta keta iska yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau uku a kan kansa. Daga 120 zuwa 140 ƙarin gudun bai kai kashi 17 cikin ɗari ba, amma ƙarfin keta iskar da ake buƙata ya ƙaru da kusan kashi 60. Akori-kura kuwa gabanta a tsaye yake, ga ƙarfen lodi a bisa, wani ma da tamfol yana kaɗawa. Ƙarin doki goma da za ka sha wahala ka samu, kilomita huɗu ko biyar zai ƙara maka a maleji. Amma dokin nan goma, a giya ta uku da buhunan albasa a baya, za ka ji shi a jikinka. Don haka duk shawarar da ke ƙasa ta karkata ne ga ja.

In da gaske 'yan kilomitocin kake so, cire ƙarfen lodin sama ranar da ba ka buƙatarsa, ka cika iskar taya daidai. Kyauta ne.

Me ya sa take mutuwa a hawan Hada, dutsen da ke kan hanyar Makka zuwa Ɗa'if, alhali a Jidda lafiyarta ƙalau?

Ba ciwo ba ne, iska ce ta yi mata kaɗan. Jidda a bakin teku take, Makka ba ta fi mita 300 sama da teku ba, Ɗa'if kuwa ta haura mita 1,800, Hada ma ta ɗara haka. Injin da ba shi da turbo yana rasa kamar kashi 1 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 100 da ya hau. Kafin ka kai saman dutsen, mai doki ɗari ya koma mai tamanin da 'yan kai. Masu zuwa Abha, wadda ta wuce mita 2,200, sun fi kowa sanin wannan.

Zafi ma haka yake yi. Iskar da ta kai digiri 45 ta fi ta digiri 20 sakayau da kusan kashi 8 cikin ɗari, ga na'urar sanyaya ɗaki tana cin nata doki uku zuwa biyar. Shi ya sa motar da ta fita da asuba da kuzari take komawa gida da azahar tana jan ƙafa.

Mai kafireto ya fi shan wahala, domin kafireto bai san an hau dutse ba. Man da yake zubawa a Jidda shi yake zubawa a Hada, sai mai ya yi wa iska yawa. Mai injekta yana gyara kansa. Maganin hawa dai shi ne giya: ka sauko ta uku ko ta biyu tun kafin inji ya fara nishi, ka kashe sanyi, ka bar shi yana juyi 3,000 zuwa 3,500. Danne totur a babbar giya inji na kakkarwa shi ke dafa shi.

In na koma shan fetur mai lamba 95 maimakon 91, za ta ƙara ƙarfi?

A'a, sai in injinka na ƙwanƙwasa. Lambar ba ta nuna yawan ƙarfin da ke cikin man ba, juriyarsa ga kamawa da wuta kafin lokaci take nunawa. Waɗannan tsofaffin injuna matsinsu ba shi da yawa, koren mai, wato 91, ya ishe su. Tun Yulin 2021 litar 91 tana riyal 2.18, ta 95 tana 2.33, bambancin ba yawa, amma ba dalilin biyansa a banza.

Inda jan mai, wato 95, ke da amfani shi ne idan kana jin wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin hawa da lodi a tsakar rana. Wannan ƙarar fistin take ci. Ka sha 95 a lokacin, sannan ka nemi dalili: tayimin ya yi gaba da yawa, ko gawayi ya taru a kan fistin, ko inji na zafi.

Yara suna cire akwatin matatar iska su sa buɗaɗɗiya mai kamar mazurari. Tana aiki?

Ƙara take ƙarawa. Akwatin kamfani daga waje yake jawo iska. Buɗaɗɗiyar kuwa tana zaune cikin bonet tana shaƙar iskar da ta biyo ta lagireto da zafinta. Ga ƙura. Wanda ya ga yadda guguwar rairayi ke rufe hanyar Madina ba zai so a rage wa injinsa kariya ba, don ƙurar da ta wuce matata ringi da silinda take gogewa. Ka bar akwatinka, ka sa matatar takarda mai kyau, ka duba ko bututun robar ya tsage. Kuma a daina hure matata da iskar kwamfiresa mai ƙarfi har ta huje.

To hedas da babbar salansa fa?

Nan akwai ɗan abin samu, in an yi da hankali. Tsofaffin motocin nan bakin fitar hayaƙinsu a matse yake, wasu ma ya tsage. Hedas mai haɗa bututu huɗu su zama biyu sannan ɗaya ya fi dacewa da mai ɗaukar kaya, domin a tsakiyar juyi yake taimakawa. Mai haɗa huɗu kai tsaye zuwa ɗaya sai inji ya yi ihu kafin ka ga amfaninsa. Faɗin bututu inci 2 zuwa 2.25 ya ishi inji mai lita 2.4. In ka sa inci 3, hayaƙi zai rasa saurin fita, ja daga ƙasa ya ragu, ka samu ƙarar da za ta tara maka maƙwabta da 'yan Murur, wato 'yan sandan hanya.

Kada ka sa rai da yawa: doki kaɗan ne, galibi ba su kai goma ba. Wanda ya ce motarsa ta canza gaba ɗaya bayan ya sa sabuwar salansa, yawanci tsohuwar ce ta toshe. Kuma hedas zafi yake fesawa a cikin bonet, sai a kare wayoyi da bututun mai da sitata daga gare shi.

Wani mu'allim, wato babban bakanike, ya ce in sa kafireton Weber.

Weber 32/36 sananne ne a kan 22R da Z24, kuma ba laifi gare shi. Sauƙin gyara gare shi, ba shi da tarin bututun roba, maƙogwaronsa na biyu da ƙarfe yake buɗewa ba da zuƙar iska ba. Sharuɗɗansa uku: a zaɓa masa jet daidai da injinka, a rage matsin mai zuwa kamar psi 3 don ba ya son matsi, kuma ka tabbata na gaske ne, saboda jabunsa sun cika kasuwa. In aka ɗaura shi yadda ya fito daga kwali, mai zai sha, hayaƙinsa kuma ya kayar da kai a Fahas, gwajin lafiyar mota na hukuma. Ra'ayina, in kafiretonka na asali bai lalace ba, a wanke shi a sa masa sababbin robobi. Abin da za ka samu ya yi kusa da na Weber.

Na sa manyan tayoyi don ta yi kyau, sai ta mutu murus. Me ya faru?

Ka canza mata giya ba ka sani ba, ɗan'uwa. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace amfani a nan, don a cikinta maganin mafi yawan masu lodi yake.

Tayar asali ta yawancin waɗannan motoci, 195R14, tsayinta kamar santimita 67 ne. Taya mai inci 31 ta kusa santimita 78. Bambancin kusan kashi 15 cikin ɗari ne, kuma daidai wannan kason ne ƙarfin da ke tura mota a ƙasa ya ragu, a kowace giya. Ta ɗaya ta zama kamar ɗaya da rabi, ta biyar ta zama ba ta da amfani sai a gangara. Ga nauyin tayar, ga birki ya ƙara wahala. Malejinka ma ƙarya yake yi maka yanzu: yana nuna 100 kana kan 115, kyamarar Sahir mai kama masu gudu kuwa ba ruwanta da abin da allurarka ta nuna.

Gyaran yana cikin difrans. A cikinsa akwai haƙora biyu, babban faranti da ƙaramin da ke juya shi. In babban na da haƙori 41 ƙaramin na da 10, rabonsu 4.10 ke nan: sandar tsakiya ta juya sau huɗu da ɗan ɗori kafin taya ta juya sau ɗaya. Akwai 4.30, akwai 4.56 mai haƙori 41 da 9, akwai 4.88 mai 39 da 8. Yadda lambar ta ƙaru, haka ja ke ƙaruwa, juyin inji a kan hanya ma ya ƙaru. Mai taya inci 31 da ke kan 4.10, in ya koma 4.56 ko 4.88, motarsa za ta dawo yadda take da.

Ko da tayar asali, mai ɗaukar kaya kullum zai amfana da komawa 4.56. Lissafin shi ne: ƙarin ja kashi 11 cikin ɗari a kowace giya, ba tare da an taɓa inji ba. Babu hedas ko kafireton da zai ba ka haka. Abin da za ka biya shi ne a gudun 100 cikin giya ta biyar, injin da ke juyi kamar 2,750 zai koma kamar 3,050, ƙara ta ɗan ƙaru, mai ma haka in hanya doguwa ce kuma ba kaya. Mai zirga-zirga cikin Makka da hawa da gangararta ba zai damu ba. Mai Jidda zuwa Madina kullum ya yi tunani.

Ana samun difrans sukutum a tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, kuma ya fi sauƙi a ɗauko shi haka a ɗaura da a tsaya canza haƙora, domin saita haƙora aikin gwani ne. In aka kuskure, kuka zai yi ta yi har ya cinye kansa. Ka ƙirga haƙoran da idonka kafin ka biya. Mai dabal, wato motar da ke ja da taya huɗu, kuma dole ya canza gaba da baya su zama iri ɗaya.

Turbo fa? Na ga ana ɗaurawa.

Turbo ne kaɗai ke ba da ƙari mai yawa na gaske. Matsin rabin bar yana iya cusa wa inji ƙarin iska kusan rabin abin da yake shaƙa. Amma iska ba ta tafiya ita kaɗai: tana son ƙarin mai daidai gwargwado, a ja tayimin baya lokacin matsi, a sa na'urar sanyaya iskar, a jawo wa turbon baƙin mai a mayar, a ƙara ƙarfin kuloci da lagireto. A kan kafireto wannan aiki ne mai wuyar daidaitawa. Kuskure kaɗan a ranar da zafi ya kai 47, fistin ya huje.

Motar da ake ci da iyali da ita ba wurin gwaji ba ce. Wanda ke da mota ta biyu da kuɗin wasa, wannan daban.

Tawa dizal ce. An ce a murɗa famfo ta ƙara mai.

Za ta ɗan ƙara ja, gaskiya ne, kuma baƙin hayaƙin da za ka gani a madubi man da ka saya ne yake fita bai ƙone ba. Dizal ba kamar fetur ba ne: in mai ya yi masa yawa zafin cikinsa tashi yake yi, kuma allurar zafin ruwa ba za ta nuna maka ba sai aiki ya riga ya ɓaci. Kan silinda na injunan Toyota 2L masu turbo ya yi suna wajen tsagewa saboda zafi. In dole sai an taɓa famfo, a sa agogon auna zafin hayaƙi, kada a bari ya zauna sama da digiri 650 a hawa.

Kafin nan, a kai nozul a auna feshinsu, a duba tayimin famfo, a canza matatar dizal. Nozul da ke ɗiga maimakon feshi shi ne rabin ciwon tsofaffin dizal. Kuma 2L da 3L na Toyota da 4D56 na L200 bel ne ke juya tayimin ɗinsu. In ya kusa kilomita 100,000 a canza shi, don in ya tsinke bawul da fistin za su gamu.

Bakanike ya cire mini tamostat, ya ce ƙasar zafi ba ta buƙatarsa.

A mayar da shi, Alhaji. Wannan al'ada ta yaɗu a sana'iyya, kuma ɓoye ciwo take yi. A injuna da yawa tamostat in ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji bai shiga lagireto ba. In babu shi, wani ruwan zai yi ta zagaye da zafinsa. Mai injekta kuma in kwamfuta ta ga inji bai yi ɗumi ba sai ta yi ta ƙara mai.

Ainihin masu laifi su ne lagireton da ya toshe da tsatsa saboda ruwan famfo, da murfinsa da ya saki, da kulocin fanka. Murfi mai bar 0.9 yana ɗaga tafasar ruwa zuwa kusan digiri 120. In robarsa ta mutu, wannan kariyar ta tafi. Fankar kuwa, in inji ya yi zafi ka kashe shi ka ga tana ta juyawa sakaka, man da ke cikin kulocinta ya tsiyaye. A duba ko rumfar da ke kewaye da fankar tana nan, don bakanikai kan cire ta su manta.

Masu 22R su ƙara da wannan: in kana jin ƙarar sarƙa da safe, robar da ke riƙe sarƙar tayimin ta karye. In aka bar ta, sarƙar za ta ci murfin gaba har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Duk ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, don haka wannan sashe kafin hedas yake zuwa, ba bayansa ba.

Ba gara in yi tarhim in sa babban inji gaba ɗaya ba?

In injinka ya gama yayi, wannan ya fi turbo hankali. Abin da ya fi dacewa shi ne ɗan gidansu: Hilux ta karɓi 3RZ mai lita 2.7 da doki 150, Datsun mai Z24 ta karɓi KA24 mai injekta, wanda ke ba da doki 134 zuwa sama. Ƙarin kashi 30 zuwa 50 ke nan, da injin da kamfani ya gina don ya yi hakan kullum, kuma kayan gyaransa na ko'ina.

In za ka saya a tashlih, ka saye shi da kwamfutarsa da wayoyinsa da na'urorinsa duka daga mota ɗaya, a rubuta maka garanti da lambar inji a rasit. Wahalar tarhim ba ɗaura inji ba ce, wayoyi ne, da famfon mai mai matsi da injekta ke so. Samari masu cusa silinda takwas a Datsun suna burge mutane a bidiyo, amma giyabos da aksul da birkin motar ba a yi su don haka ba, kuma ba wanda ke nuna maka bidiyon ranar da aksul ya karye.

Barmaja (sake saita kwamfutar mota), da 'yan na'urorin da ake sayarwa a intanet, da maganin da ake zubawa a tanki?

Mai kafireto ba shi da kwamfutar da za a yi wa barmaja. Tsofaffin masu injekta kuma abin da za a samu kaɗan ne in babu turbo. Maganaɗisun bututun mai, da 'yar fankar da ake sawa a bututun iska, da abin da ake soka wa a wurin kunna sigari, duk kuɗinka kawai suke so. Maganin wanke injekta yana iya taimaka wa mai datti, ba ya ƙara wa mai tsabta komai.

Doka ta yarda da duk wannan?

Gyara mota ta koma yadda kamfani ya yi ta ba ya buƙatar izinin kowa. Canza inji, ko ƙarfinsa, ko tsayi da fasalin mota, wannan dokar hanya ta Saudiyya ta ce sai da izinin Murur tun kafin a fara, kuma warsha, wato gareji, da ta yi aikin ba izini ita ma ta shiga laifi. Ka je ka tambaya kafin ka biya kuɗin inji, ba bayan an ɗaura ba. Ka tuna Fahas na jiranka duk shekara, ana auna hayaƙi da birki, ana leƙa ƙarƙashi, kuma ba a sabunta istimara, takardar rajistar mota, sai da shi. Kamfanin inshora ma yana iya kafa hujja da canjin da ba a rubuta ba ranar da aka yi hatsari. Mai zama da iƙama ya fi kowa sanin cewa tara ba ta tsayawa a kan mota kaɗai.

Batun gudu kuwa, tun 2018 wasu manyan hanyoyi kamar ta Makka zuwa Madina an kai iyakarsu 140 ga ƙananan motoci. Wannan iyaka ce, ba umarni ba.

Ɗana ya gaji motar mahaifinsa, kullum yana sana'iyya wai yana ƙara mata gudu. Hankalina bai kwanta ba.

Hajiya, kina da gaskiya, kuma ga abin da za ki sa a duba, ko kawunsa ya tsaya a kai. Motar da ke gudun 140 tana ɗauke da ninki biyu na ƙarfin da birki zai kashe a gudun 100. Birkin bayan waɗannan motoci na ganga ne, babu na'urar hana taya ƙamewa, kuma bayan akori-kura in ba kaya ba shi da nauyi, saurin juyawa gare shi. A Hilux akwai wani bawul a saman aksul na baya mai rage ƙarfin birki in mota ba lodi; masu ɗaga mota ko ƙara sifirin sukan ɓata saitinsa.

A duba tayoyi. A gefen kowace akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara biyar a kwaltar ƙasar nan ba abin amincewa ba ce ko da zanenta bai goge ba. Akwai kuma harafin iyakar gudu: N 140 ne, Q 160, R 170. A canza man birki, a duba shokozoba da sandunan sitiyari. In yaron ya fara da waɗannan, mai hankali ne, a bar shi ya koyi sana'a. In kuwa kin ji ana maganar tafhit, wato wasan zamiya da mota a kan titi, a karɓe makulli: tarar karon farko riyal 20,000 ce, ban da tsare mota. Allah Ya shirya mana su.

Ta yaya zan san aikin da aka yi ya ƙara wani abu?

Kada ka yarda da kunnenka, don mota mai ƙara kullum ji ake kamar ta fi gudu. Ka zaɓi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka sa giya ta huɗu a gudun 60, ka take totur har ƙasa, wani na gefenka ya auna daƙiƙa nawa ta ɗauka ta kai 100. Ku yi amfani da gudun da waya ke nunawa, ba maleji ba. A yi zuwa da dawowa saboda iska da gangara, a ɗauki tsakaici. Bayan aiki a maimaita a hanya ɗaya, da kaya iri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, sanyi a kashe. Abu ɗaya ake canzawa a auna kafin a taɓa na gaba, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ka riƙa rubuta litar da ka sha da kilomitar da ka yi tsakanin cika tanki da cika tanki, ka ajiye takardar tare da rasit ɗin warsha.